Faifan Bikin Habiba

Tun ranar da Gwaggo Halime ta tsaya a tsakar gida ta rantse cewa jininsu ba zai haɗu da na mahauta ba, Luba ta daina bin layin masu gyara na babbar kasuwar Garwa. Ko sayayya ta kawo ta, gara ta zagaya ta wajen 'yan atamfa rana na dukanta, da idonta ya faɗa kan shagon Lukmanu ɗan mahauci.

Yau ga ta tsaye a bakin shagon, rungume da tsohuwar kwamfuta naɗe cikin zanin marigayiya mahaifiyarta.

Ba da son ranta ta zo ba. Wurin wani mai gyara, Maurice, ta fara kai ta, a unguwar Roumdé Adjia. Ya juya ta, ya leƙa gefen da ake sa faifai, ya girgiza kai.

"Irin wannan lektar ɗin, gidan faifan nan, an daɗe da daina kawo shi, madam. Mutum ɗaya na sani a garin nan da ba ya zubar da tsoffin kaya. Je ki wurin Lukmanu."

Yanzu a bakin shagon Lukmanu, ta yi sallama da muryar da ita kanta da ƙyar ta ji.

Lukmanu ya ɗago daga kan teburinsa. Ya ƙara rama, ya tara gemu, amma idanun suna nan yadda ta san su. Ya kalle ta, ya amsa.

"Wa alaikumus salam. Malama Luba. Bismillah, ga benci."

Kalmar malama ta soke ta. Gaskiya ne tana koyarwa a firamare, amma a da ba haka yake kiranta ba.

Ta zauna a gefen bencin, ta warware zanin. Yana ganin kwamfutar ya saki ajiyar zuciya. Ya shafa murfinta, daidai kusurwar da ta fashe.

"Har yanzu tana nan."

"Tana nan. Gidan faifan ne ya mutu, kuma faifan na ciki, ya ƙi fitowa."

"Wane faifai?"

"Na bikin Yaya Habiba. Wanda aka yi a Ngong."

Bai ƙara tambaya ba. Duk wanda ya san Alhaji Oumar dillalin shanu, mahaifin Luba, ya san zancen faifan nan. Tun rasuwar matarsa Hajja Fatime, duk Juma'a in ya sauko daga masallaci sai ya zauna a zaure, ya buɗe kwamfutar, ya sa faifan da hannunsa, ya kalli matarsa tana kai da komo cikin 'yan biki. Babu wani wuri a duniya da muryarta ta rage sai nan.

"Juma'ar da ta wuce ya sa shi," in ji Luba, "sai ya yi ta gurnani, ya tsaya. Ya danna, ya danna, ƙofar ta ƙi buɗewa. Tun ranar Baba bai ci abin kirki ba. Shayi kawai."

Lukmanu ya jawo wata siririyar waya, ya miƙar da ita. A fuskar lektar ɗin akwai wani ɗan rami kamar kafar allura. Ya zura wayar a hankali, ya ɗan tura. Sai ga tiren ya yi ƙas, ya leƙo.

Luba ta dafe ƙirji.

Ya zaro tiren, ya ɗauke faifan ta gefe-gefe, ya ɗaga shi wajen haske. A jikinsa an rubuta da baƙin alƙalami, rubutun Hajja mai karkata: Habiba, Ngong.

"Bai karce ba. Lafiyarsa lau."

Hawayen da take riƙewa tun daga gida suka zubo. Ta karɓi faifan da hannu biyu, ta ɗora a cinya. Ya kawar da kai don ya ba ta wuri, ya cire batirin kwamfutar, ya kifa ta. Da turnabis ya kwance sukuru guda ɗaya a tsakiyar bayanta, ya tura da ɗan yatsa, gidan faifan gaba ɗaya ya fito waje kamar aljihun tebur.

Ya duba shi gaba da baya.

"Injin da ke juya faifan ya gaji, idon da ke karantawa ma ya dushe. Ba ya gyaruwa, sai dai canji. Kin ga bakinsa? Irin na da ne, mai faɗi. Na yanzu ba ya shiga." Ya ajiye. "In kina so, sai in kwafe bikin a kile, wato filash, ko a waya. Ya fi kwanciyar hankali. Faifai ba ya dawwama."

"Ka kwafe wata rana, don ajiya. Amma Baba ba zai kalla a nan ba. Da hannunsa yake son sawa, ya ji ƙarar juyawarsa, kamar yadda Hajja take yi. An ma kawo masa sabuwar kwamfuta."

"Wa ya kawo?"

Ta sunkuyar da kai. "Mahamat."

Sunan ba baƙo ba ne a kunnensa. Garwa ba ta da girman da za a ɓoye irin wannan labari. Mahamat ɗan kasuwa ne daga Kousséri, mai motocin dakon kaya, kuma Gwaggo Halime ce ta kawo shi gidan.

"Mutumin kirki ne," ta ce, kamar wadda aka tuhuma. "Yana jin labari ya aiko da ita, siririya, mai kyau. Baba ya yi ta juya ta yana neman ƙofar faifai, babu. Ya sa masa albarka, ya ɗora ta kan kabad."

"Allah ya saka masa."

"Lahadi mutanensa za su zo sa rana."

Turnabis ɗin ya suɓuce daga hannunsa ya faɗi ƙasa. Ya sunkuya ya ɗauka, ya daɗe bai ɗago ba.

"Allah ya sanya alheri," ya ce a ƙarshe.

"Shi ke nan abin da za ka ce?"

"Me kike so in ce, Luba? Na turo kawuna, aka bar shi a zaure ko ruwa ba a ba shi ba. Na turo limamin unguwarmu, aka ce masa gidanku ba a haɗa zuri'a da masu wuƙa. Mahaifina ya yi shekaru yana sayen shanu a hannun mahaifinki, tare suke cin tuwo a kasuwar Ngong, amma ranar da na ce ina sonki sai aka tuna sana'arsa. Ni ban taɓa jin kunyar wuƙar nan ba. Ita ta kai ni makaranta."

"Na sani."

"To me ya rage?"

Kuka ya ci ƙarfinta. Ta toshe baki da gefen mayafi don kada maƙwabtan shago su ji.

"Na jira, Lukmanu. Wallahi na jira. Duk wanda Gwaggo ta kawo sai in ce karatu, in ce aiki, in ce ban gama makokin Hajja ba. Har ƙannen ƙawayena suka yi aure. Kullum Gwaggo na bakin ƙofata, kullum Baba na kallona shiru. Gajiya na yi. Ba wai na daina ba ne, gajiya na yi."

Ya zauna a kan kujerarsa, ya haɗa hannuwa. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Kin tuna ranar da Hajja ta sayo miki ita?" ya ce, yana kallon kwamfutar. "Ta aika aka kira ni in koya miki. Kina danna harafi da yatsa ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ita kuma tana zaune a tabarma tana gadinmu, wai tana gyaran yakuwa."

Luba ta yi dariya cikin kuka. "Yakuwar da ba ta ƙarewa."

"Ga kunun gyaɗa a kwano. In ban shanye ba, ba ta barina in tafi."

"Da ranar da ka kai mu bakin gada da Yaya Habiba, wai za ka nuna mana dorina. Muka wuni, ko kunnenta ba mu gani ba."

"Ta fito. Ku ne kuka tsaya sayen kifi."

A waje babura na wucewa, wani na tallan ruwan sanyi da Fulatanci. Da Hajja na raye, da ba a kai ga haka ba. Dukansu sun sani, babu wanda ya furta.

Ya share fuska da tafin hannu, ya koma muryar aiki.

"Ina da irinsa a gida. Bar ta a nan, gobe ki aiko a karɓa."

"Ba ta kwana a waje. Baba ya ce in dawo da ita kafin magariba, gyara ko babu."

"To sai dai in zo in sa a can. In an bar ni na shiga."

Ta naɗe kwamfutar, ta miƙe. Har ta kai ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Tun bara na so in aiko maka, na rasa ta yadda zan yi. Baba yana cikin faifan nan."

"Ai dole, bikin 'yarsa ne."

"Ba nawa ba. Naka, Allah ya jiƙansa."

Lukmanu ya miƙe tsaye a hankali.

"Shi ya yanka shanun bikin. Mai hoto ya zagaya bayan gida ya ɗauke shi. Yana magana, yana dariya." Ta juyo, ta miƙa masa faifan. "Sa shi a wata na'urar ka gani, zan jira."

Ya kalli faifan. Ya ɗago hannu, sai ya mayar da shi.

"Hoto ɗaya gare ni nasa, na katin shaida. Har na fara manta yadda muryarsa take." Ya girgiza kai. "Amma faifan matan gidan wani ne, Luba. Ba zan kalla a bayan idon mai gida ba. Zan zo Juma'a, in roƙe shi da bakina."

*

Ranar Juma'a, ana saukowa daga masallaci, Lukmanu ya yi sallama a ƙofar gidan Alhaji Oumar da ke unguwar Lopéré. Rabonsa da zauren nan tun kafin a kori kawunsa. Tabarmar ce dai, da buta a kusurwa, da sandar kiwo rataye a bango.

Alhaji na zaune, kwamfutar na gabansa a kan ɗan teburi. Ya tsufa fiye da yadda Lukmanu ya zata. Ya durƙusa ya gaishe shi, dattijon ya amsa a taƙaice, ya nuna masa kwamfutar da haɓa.

A bayan labulen ƙofar cikin gida, Luba na tsaye da tiren shayi da ta kasa shigarwa. Gwaggo Halime, yayar Alhaji, na gefenta tana huci.

"Duk masu gyaran garin nan sun ƙare ne?" ta ce ƙasa-ƙasa. "Ni kike wa wayo?"

Luba ta leƙa ta gefen labulen.

Lukmanu ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya fito da lektar ɗin da ya zo da shi, ya jera shi kusa da mataccen. Tsawonsu ɗaya, kaurinsu ɗaya. Ya kwance ɗan ƙarfen da ke bayan tsohon, wanda sukuru ke kamawa, ya ɗaura wa sabon. Sannan ya sa farce ya ɓalle murfin gaban tsohon a hankali, haƙori bayan haƙori, don robar ta tsufa, kaɗan za ta karye.

"Wannan kuma na mene ne?" Alhaji ya tambaya.

"Fuskarta ce, Alhaji. In na bar fuskar sabon, ba za ta zauna daidai da jikin ba. Kuma wannan ce hannunka ya saba da ita."

Maɓallin da ke jikin murfin ya goge har ya yi sheƙi. Alhaji ya ƙura masa ido.

Lukmanu ya manna fuskar, ya zura lektar ɗin cikin gurbinsa har ya ji ya kama, ya ɗaure sukurun, ya mayar da batiri, ya kunna.

"Ina ka samo shi? An ce babu a kasuwa."

"Daga tawa na cire. Wadda Baba ya saya min da na gama makaranta."

"Ka lalata taka kenan."

"Ba ni da faifan da zan sa mata, Alhaji."

Ya tattara kayansa, amma bai tashi ba. Ya gyara durƙuso, kansa a ƙasa.

"Alhaji, ina da roƙo. Ba wancan ba, wancan an ba ni amsa. An ce mahaifina yana cikin faifan nan. In ka yarda, a nuna min wurin kawai, in gan shi in tafi. Ba zan kalli sauran ba."

Luba ta matso jikin labulen, tiren na hannunta.

Alhaji ya zaro faifan daga aljihun babbar rigarsa, ya goge shi da hannun riga. Ya danna maɓallin, tiren ya fito sumul. Ya ɗora, ya tura. Ƙarar juyawar ta tashi, siririya, kamar kaɗin mazari. Dattijon ya lumshe ido yana saurare.

"Matso nan," ya ce. "Daga can ba za ka gani ba."

Tsohon gidansu na Ngong ya bayyana, da bishiyar mangwaro a tsakiya, da manyan tukwane a kan murhu. Mata na guɗa. Hajja Fatime ta gifta cikin koren leshi, tana yi wa wata faɗa a kan gishiri, tana dariya. Alhaji ya ɗan matsa gaba kamar zai gaishe ta.

Mai hoton ya zagaya bayan gida. Ga Malam Muhaimin, mahaifin Lukmanu, tsugune a kan ganyen da aka shimfiɗa, ya naɗe hannun riga, hula a ƙeya, yana rarraba nama kashi-kashi. Ya ɗago ya ga na'urar.

"Kai, mai hoto, naman za ka ɗauka, ba ni ba. Shi aka zo gani."

Ya bushe da dariya, irin mai girgiza kafaɗa.

Wani sauti ya fita daga ƙirjin Lukmanu. Ya dafe baki da hannu biyu.

A cikin hoton Hajja ta iso da ƙwaryar fura. "Malam Muhaimin, tun asuba kake tsugune. Wanke hannu ka sha. Ina ɗana Lukmanu, ban gan shi ba?"

"Yana Marwa, Hajja, jarrabawa ta riƙe shi."

"Allah ya ba shi sa'a. A ajiye masa rabonsa."

Hoton ya koma wajen makaɗa. Alhaji ya sa yatsa ya tsayar. Lukmanu na kuka sosai yanzu, kafaɗunsa na jijjiga, ba ya ko ƙoƙarin ɓoyewa.

"Dariyar nan tasa," Alhaji ya ce a hankali, "in ya yi ta a mayanka, har bakin titi ake ji. In muka taso daga Ngong da yamma a bayan motar shanu, shi ke hana mu barci. Duk sun tafi. Ita ta tafi, shi ya tafi, direban ma ya tafi." Ya share ido da babban yatsa. "A mayar maka?"

Lukmanu ya gyaɗa kai.

Aka mayar. Aka sake mayarwa.

A karo na uku ne Gwaggo Halime ta yaye labulen.

"Oumarou, gyara ai ya ƙare. A sallame shi. Jibi muna da baƙi, ga aiki a cikin gida."

Luba ba ta san lokacin da ta biyo ta ba. Ta dire tiren, ta zube a gaban mahaifinta.

"Baba, ban taɓa musa maka ba, yau ma ba zan fara ba. In ka ce Kousséri, zan tafi Kousséri, in zauna da Mahamat da amana, ba zai taɓa ganin saɓani daga gare ni ba. Amma ban taɓa faɗa maka da bakina ba, kullum Gwaggo ke magana a madadina. Shi nake so, Baba. Tun Hajja na raye shi nake so, kuma ta sani. Ka ji da kunnenka, sannan ka yanke abin da ka ga dama."

"Kin ga rashin kunya," in ji Gwaggo. "A gaban namiji. Oumarou, kakanninmu a Rey Bouba ko ƙwarya ba sa haɗawa da mahauci. Ba a kaina za a fara ba."

Alhaji bai kalli kowa ba. Idonsa na kan hoton da ya tsaya, inda matarsa ke miƙa ƙwaryar fura.

"Adda," ya ce, "ƙwaryar nan da kike gani, tawa ce. Da ita nake sha."

"Me kake nufi?"

"A gaya wa mutanen Kousséri kada su taso jibi. Ban ce na ba wannan ba, ban ce na hana wancan ba. Ina so in zauna da 'yata tukuna, abin da ban yi ba tun rasuwar uwarta."

Gwaggo ta ja mayafinta ta yafa. Ita ma hawaye ne a idonta.

"Ni na riƙe gidan nan da Fatime ta tafi. Ni na hana shi watsewa. In ka kunyata ni a gaban mutanen da na kawo, gobe motar farko zan bi, kuma ba za ka sake ganin ƙafata a Lopéré ba."

Ta shige ciki, labulen na kaɗawa a bayanta.

Lukmanu ya yunƙura zai tashi. "Alhaji, ban zo don in raba ka da 'yar'uwarka ba. Bari in tafi."

"Zauna. Ba ka sha shayi ba."

A daidai lokacin wayar Luba ta fara ruri a gefen tiren. Ta kalli sunan. Ta ɗago ta kalli mahaifinta.

"Mahamat ne."

Alhaji ya miƙo hannu.

"Kawo. Ni na ba shi magana, ba ke ba."

Ta sa masa a tafin hannu. Ya daɗe yana kallon wayar tana ruri, sannan ya yi bismillah ya kara a kunne.

"Mahamat, ɗana. Ni ne, ba ita ba ce. In kana tuƙi ka gangara gefen hanya ka tsaya. Magana ce da ni da kai, kuma ba gajeruwa ba ce."